Ina kamfanonin manyan motocin Kano na da suka shige?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Fagge, kakana direban babbar mota ne ya rasu ina ƙarami, abin da ya bar mana hoto ne guda ɗaya yana tsaye jikin wata mota mai bodin katako. A gida ana cewa ya yi wa wani kamfanin dakon kaya aiki tsakanin Kano da Ikko. Don Allah wane irin kamfanoni ne waɗannan, kuma me ya sa yau ko sunansu ba a ji?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kakanka ya sa ya huta. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don mutanen nan sun yi wa garin nan bauta kuma ba wanda ya rubuta su.

Ka fara riƙe wannan, motar Kano gyaɗa ce ta haife ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, to amma jirgi dogo kawai ya sani, ba ya shiga ƙauye. Dole sai an sami abin da zai kwaso buhu daga kasuwannin karkara ya kawo bakin dogo, da farko jakai da raƙuma ne suka yi wannan aikin, a hankali mota ta karɓe. Dalar gyaɗar da kake gani a hotuna ma ai ba don ado aka tara ta ba, jirgi ne ya kasa kwashewa a kan lokaci kaya suka taru. Gabas kuwa dogo bai kai Maiduguri ba sai 1964, kafin nan akasarin abin da zai fito daga can ko ya shiga, a bayan mota yake tafiya.

Masu motocin iri-iri ne. Akwai kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt masu sayen gyaɗa da fata, akwai Kwarori 'yan Labanan da Siriya da suka zauna wajen Fagge ta Kudu suka shiga harkar sufuri da ƙarfi, akwai 'yan kudu, misali Ojukwu Transport na Sir Louis Ojukwu wanda motocinsa suka yi suna a ƙasar nan tun kafin 'yancin kai. Sai namu na gida, Alhaji Sanusi Dantata yana cikin waɗanda suka tara motoci tun da wuri don jigilar gyaɗarsu, su Alhaji Haruna Kassim, su Alhaji Sani Marshal da yanzu yara titi kawai suka sani da sunansa. Bayan waɗannan manya akwai ɗaruruwan masu mota biyu, uku, biyar, kuma a ganina su ne ƙashin bayan harkar. Kamfani a wancan lokacin sau da yawa ba ofis ba ne mai sakatare, Alhaji ne da zaurensa da akawu ɗaya mai littafi da garejinsa. Shi ya sa kada ka yi mamaki in ka nemi takarda ka rasa.

Motar da ke hotonku, in bodin katako ne to inji da kai da shasi kawai ake shigo da su, bodin kafintocin gida ne suke haɗawa, mai fenti ya zo ya zana mata zaki ko dawisu ya rubuta Allah ya kiyaye ko Haƙuri maganin zaman duniya a goshi. Na farkon akasari na Ingila ne, Bedford da Austin da Leyland, sitiyarinsu a dama, don sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a gefen hagu na titi ta koma gefen dama. Daga baya Marsandi 911 ta zo ta cinye kasuwa, wadda direbobi suke kira roka. Motar nan ba ta da gudu kuma sitiyarinta sai ka sa ƙarfi, amma injinta dizal ne mai sauƙin kai, bakanike ɗaya da yaransa za su sauke shi a gindin bishiya su ɗaura, ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta ta kai. Ka duba hancin motar a hoton, in gajere ne mai zagaye da tauraro a gaba to ita ce. Ga Fiat kuma, wadda har kamfanin harhaɗa ta aka kafa mana nan Kano a titin Zariya, kamar yadda aka yi Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu.

Ita tafiyar Ikko a da ba wasa ba ce. Za a bi ta Zariya a ratsa Birnin Gwari, Tegina, Makwa, a haye Kwara a gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, kwana da kwanaki a hanya, in damina ce kuma sai yadda Allah ya yi. Direba ba shi kaɗai yake ba, yana da yaran mota, kuma babban aikin ƙaramin cikinsu shi ne waigi, wato wani guntun katako mai hannu da ake tokare taya da shi. In an zo hawa mota ta fara numfashi sama-sama sai yaro ya dire ya bi ta da gudu da waigi a hannu, tana tsayawa ya cusa a ƙarƙashin tayar baya kafin ta zame, direba ya sake saka giya ta ɗaya, ta motsa, ya zare ya sake bi. Da haka ake koyon tuƙi, shekaru kana wanke mota, kana ɗaure tamfol, kana dafa wa maigida abinci, kafin a yarda ka taɓa sitiyari. Ba waya, ba na'urar bin diddigi, Alhaji zai miƙa wa mutum mota da kayan dubban fam da kuɗin mai ya ce sai ka dawo, shi ke nan. Duk wanda aka bai wa mota zuwa Ikko a wancan zamanin an gama yarda da shi, wannan ka riƙe shi game da kakanka.

To me ya kashe su? Mutane suna saurin cewa rashin iya riƙo ne, ni ban yarda wannan ne babba ba. Ribar babbar mota tana cikin lodi biyu, ka sauka da gyaɗa ko fata ko shanu, ka hawo da goro da gishiri da siminti da atamfa. Farin da aka yi wajen 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, kuɗin fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati, sai ya zama lodin sauka ya ragu, mota ta tafi rabi ko wayam tana ƙona mai. Kafin nan dokar 1972 ta mayar da dakon kaya a mota sana'ar 'yan ƙasa zalla, baƙi da yawa suka sayar suka koma masana'antu, sunayensu suka goge daga jikin ƙofofi. Sannan 1986 ta zo da SAP, wato shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki da tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona da ke ba da kwangilar jigila mai tabbas, naira ta faɗi, taya da kayan gyara suka yi tsadar da mai mota goma sai ya kwance biyu ya ciyar da takwas, badi ya sake kwance biyu.

Na ƙarshen shi ne wanda ya fi taɓa ni. Tunda kamfanin mutum ɗaya ne, ranar da Alhaji ya rasu sai a zo rabon gado, wannan ya ɗau mota biyu wancan ɗaya, wani bai taɓa kwana a tasha ba, direbobin da amanarsu da marigayi aka ƙulla kowa ya kama gabansa. Gadon hakki ne ba laifi ba, abin da aka rasa shi ne a mayar da dukiyar hannun jari tun maigida yana raye, a raba riba a bar motoci tare. Gidajen da suka yi haka ko suka juya zuwa dakon mai da gine-gine su ne har yau ake jin su.

In kana son gano wanda kakanka ya yi wa aiki, ka sa a ƙara girman hoton ka duba ƙofar direba, a nan ake rubuta sunan mai mota da adireshinsa, sai kuma lamba da rubutun goshi, don tsofaffi sun fi tuna mota da kirarinta fiye da lambarta. Ka ɗauki hoton ka je Kofar Ruwa wajen dattawan masu kayan gyaran manyan motoci, ka leƙa Mariri wajen 'yan goro, ka tambaye su da laƙabin da ake kiransa a tasha ba sunan yanka ba, wannan kuwa tsofaffin matan gidanku za su faɗa maka. Ka je da safe, ka kuma roƙi izini ka ɗauki muryarsu a waya.