Riyal Ɗin Mariya Tereza: Na Gaske Ne?

Tambaya: Na gaji riyal ɗin azurfa mai hoton wata sarauniya, an rubuta 1780. Tsoho ne haka?

Amsa: Malam, kada shekarar ta ruɗe ka. Sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, kuma tun rasuwarta a 1780 duk riyal ɗin da aka buga, shekarar 1780 ɗin yake ɗauke da ita, har na yau.

Kai shi sikelin masu zinariya: na gaske giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Maganaɗisu ba ya kama shi. Duba gefensa, akwai rubutu a zagaye. Na jabu, in zubi ne, rubutun a dagule yake, da ƙananan ramuka da layin haɗi.

Kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, darajarsa faɗuwa take.