Bincikar ɗan majalisar iyayen yara a Maiurno ta ƙasar Sudan

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka samu tarihin mutumin da ke sake neman kujera a majalisar iyayen yara ta makarantarku, da yadda aka zaɓe shi a baya. Kada ka wahalar da kanka a intanet, wannan ba zaɓen akwati ba ne. Taron iyaye ne ke zaɓa, galibi da ɗaga hannu a farfajiyar makaranta, sai shugaban makaranta ya rubuta sunaye a littafin taro. Je ka roƙi a buɗe maka littafin nan. In an ce ya ɓata, ka leƙa ofishin ilimi na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma.

Asalin mutumin kuwa, a Maiurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, dattawa sun san kakan kowa. Amma ni asali bai dame ni ba. Bi sawun kuɗin da iyaye suka tara: benci nawa aka gyara, wa ke sayen alli, wa ke biyan mai cika randunan ruwa? In yana kan kujera tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023, tambaye shi abin da ya yi da aka rufe makarantu.