An rubuta 1968 a ƙarƙashin motar wasan da na saya: shin tsohuwa ce mai tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara sha'awar tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe, kuma kwanan baya na sayi guda uku a wurin mai kayan gwanjo. Ta farko Hot Wheels ce, an rubuta 1968 da Malaysia a ƙarƙashinta, kuma mai kayan ya ce shekararta ke nan, shi ya sa ya tsauwala mini kuɗi. Ta biyu Matchbox ce mai rubutun "Made in England by Lesney", amma fentinta ya kankare sosai, har ina tunanin in kai a sake mata. Ta uku Peugeot 504 ce ta Majorette. Yaya ake gane tsohuwa ta gaskiya, kuma da me ake auna darajar irin waɗannan motoci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da Hot Wheels ɗin, domin a kanta ne aka fi cin kuɗin sababbin masu tarawa. Shekarar da ake bugawa a farantin ƙarƙashin mota ba ita ce shekarar da aka ƙera wannan motar da ke hannunka ba. Shekarar da kamfani ya yi rajistar mallakar zanen ce, kuma yana iya ci gaba da fitar da wannan siffa shekara ashirin ko talatin lambar tana nan ba ta canja ba. Kalmar Malaysia da ke kusa da ita ce ta tona asiri. Kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels a 1968 da motoci goma sha shida, kuma a wancan lokaci a Amurka da Hong Kong kaɗai ake ƙera su. Sai a farkon shekarun 1980 ne aikin ya isa Maleshiya. Saboda haka motar da ke ɗauke da sunan wannan ƙasa ba ta 1968 ba ce, ko da mai kayan ya rantse, kuma mai yiwuwa shi kansa bai san haka ba, lambar ya gani ya ɗora farashi a kanta.

Ainihin na farkon suna da alamomin da ya kamata su haɗu gaba ɗaya. Akwai siririn jan layi da ya zagaye gefen taya, wanda daga gare shi ne masu tarawa suke kiran motocin 1968 zuwa 1977 da suna Redline. Akwai fenti mai sheƙi da ake hango ƙarfen ta cikinsa, wanda kamfanin ya kira Spectraflame, ya kuma daina amfani da shi bayan 1972. Sannan a ƙasa za a ga U.S.A. ko Hong Kong. Jan layin shi kaɗai ba hujja ba ne, domin Mattel ya sha sake fitar da tsofaffin siffofi da irin wannan taya don masu marmarin na da.

Dalilin da ya sa siffa ɗaya take daɗewa haka yana cikin yadda ake ƙera motocin. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga tushen aikin, sai dai su a cikin yashi suke zubawa su fasa bayan kowace tukunya, alhali a masana'anta mazubin na baƙin ƙarfe ne mai tauri, kuma da ƙarfin inji ake tura narkakken ƙarfen cikinsa, ya daskare nan take, a buɗe a fitar, a sake rufewa. Ƙarfen da ake narkawa gauraye ne da ake kira zamak, mafi yawansa tutiya, da alminiyam kimanin kashi huɗu cikin ɗari, da ɗan abin da ba a rasa ba na maganiziyam da tagulla. Sassaƙa mazubin shi ne mai cin kuɗi, kuma da zarar an gama shi yana iya fitar da dubun dubatar motoci, don haka babu kamfanin da zai jefar da shi da wuri. A nan ne tushen maganar daraja yake: waɗannan kayan wasan yara ne da aka yi su birjik, kuma tsufa kaɗai ba ya mayar da abin da aka yi miliyoyinsa ya zama mai wuyar samu.

Matchbox ɗinka kuwa tsohuwa ce da gaske. Leslie Smith da Rodney Smith ne suka kafa kamfanin Lesney a Landan a 1947, Jack Odell ya shigo daga baya, suka fara fitar da ƙananan motoci cikin kwali mai kama da na ashana a 1953. Kamfanin ya karye a 1982, Universal Toys ya saye shi, aikin ya riƙa komawa Makau da ke kudancin China, daga nan sunan ya faɗa hannun Tyco a 1992, sannan Mattel a 1997. Ke nan duk motar da ke ɗauke da sunan Lesney da Ingila ta haura shekara arba'in. Idan kana son ka ƙara matse lokacin, ka dubi tayoyin. Na farko-farko tayoyinsu na ƙarfe ne masu launin toka, daga baya aka koma na roba masu launin toka, ko ruwan azurfa, ko baƙi, dukansu a kan sandar ƙarfe mai kauri da ake ganin kanta daga waje. A 1969, da Hot Wheels ta ƙwace musu kasuwa da motocinta masu gudu, sai Lesney ya sauya zuwa siririyar sanda da tayoyi masu sulɓi, ya raɗa musu suna Superfast. Masu tarawa suna raba Matchbox gida biyu a kan wannan shekara, kuma galibi na kafin sauyin sun fi samun masu nema. Amma a ƙarshen shekarun 1960 Lesney yana fitar da miliyoyin motoci a kowane mako, saboda haka wadda ta sha wasa a hannun yara, fenti ya kankare, babu kwali, kuɗinta kaɗan ne ko a Ingila.

Duk da haka, kada ka kai a sake mata fenti. A wurin masu wannan harka, fentin masana'anta ko da rabinsa ya tafi ya fi sabon fentin da aka shafa daga baya, kuma motar da aka sabunta ta fita daga sahun na asali har abada. Su ma masu saye sun san inda suke dubawa. Bodin motar da farantin ƙasa an haɗe su ne da wata 'yar ƙusa da inji ya baje kanta ya zama zagaye sumul, kuma ba a iya yi wa mota fenti mai kyau sai an huda wannan wuri an raba ta biyu. Idan ka juya mota ka ga kan ƙusar ya ci rauni, ko an sa gam, ko an ɗaura ƙaramin noti, to an buɗe ta. Haka nan idan fenti ya taɓa gilashi ko sandar taya, ko ya yi kauri har ya cike layin ƙofa da na bonet, hannun wani ne ya bi ta kai. Wanda yake son gyara mota don jin daɗin kansa babu laifi, sana'a ce mai kyau ma, muddin ranar sayarwa zai faɗa wa mai saye gaskiya.

Idan aka zo auna daraja, lafiyar mota ce kan gaba, kuma tazarar da ke tsakanin matakan tana da faɗi ƙwarai. Gidajen gwanjon kayan wasa na Ingila, irin su Vectis, suna jera mota daga wadda take sabuwa dal kamar yau ta fito, zuwa mai ɗigon kankara ɗaya ko biyu, zuwa wadda ta sha hannu, har zuwa wadda sai dai a cire mata kayan gyara. Ana duba kusurwoyi da rufi inda fenti yake fara tashi, ana duba ko gilashi ya tsage ko ya dushe, ko sandar taya ta lanƙwashe, ko takardun ado da aka manna suna nan, ko wani abu ya ɓace kamar tsani ko ƙugiya ko ɗan direban da ke ciki. Sai kwali, wanda yake ba sababbin shiga mamaki. Yaro yakan yaga kwali ya jefar tun ranar farko, shi ya sa kwalin asali ya fi motar wuyar samu, kuma a tsofaffin motocin wasa na Ingila irin su Dinky da Corgi da Matchbox yana iya ninka kuɗin motar. Wannan ne ya sa ake buga kwalayen kwaikwayo, waɗanda ake gane su da hasken takarda, da kaifin launi, da rashin alamar tsufa a wuraren naɗi.

Bayan lafiya sai ƙaranci, kuma ƙarancin yakan ɓuya ne a ɗan bambancin da ido ba ya kamawa da wuri: launin da aka yi na ɗan lokaci aka daina, ko irin tayar da ba a saba gani a wannan samfurin ba, ko launin kujerun ciki. Labaran miliyoyin da ake yaɗawa daga nan suke fitowa. Wadda aka fi ambata ita ce bas ɗin Volkswagen ta Hot Wheels mai suna Beach Bomb, mai ruwan hoda, ta 1969, wadda take hannun wani mai tarawa a Amurka, Bruce Pascal, ana kuma ƙiyasta ta fiye da dala 100,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa gwaji ce da ba ta taɓa shiga kanti ba. Ta yi siriri kuma samanta ya yi nauyi, ba ta zauna daidai a kan hanyar tseren wasa da kamfanin yake sayarwa ba, sai aka sake mata fasali, 'yan ƙalilan ɗin da aka yi suka rage a hannun ma'aikata. Irin wannan ba ta zuwa cikin dilar gwanjo. Abin da mai sa ido zai iya tsinta a cikin sababbi shi ne jerin Treasure Hunt da Mattel ya fara a 1995, musamman nau'in Super da ya zo a 2007, mai tayoyin roba mai laushi da fenti mai sheƙi da harufan TH a jiki.

Game da farashi, ka bambanta kuɗin da mai kaya ya sa da kuɗin da aka biya. A eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama, don haka ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar, ka nemi mai lambar samfuri ɗaya da taka, launi ɗaya, taya ɗaya, lafiya ɗaya. Daga abin da ka gani sai ka cire kuɗin aikawa zuwa Turai ko Amurka da la'adar dandalin, domin masu biyan wannan kuɗi a can suke, kuma sau da yawa za ka tarar abin da ya rage bai kai wahalar ba.

Akwai wata cuta da ya kamata ka sani tun kafin ka fara sayen masu tsada. Idan dalma ta gurɓata zamak tun wurin narkawa, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya yi tsaga-tsaga, daga ƙarshe ya ruguje. An fi ganin haka a Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda kamfanin Meccano ya fara fitarwa da wannan suna a Liverpool a 1934, amma takan bayyana jefi-jefi a wasu na baya. Ba ta da magani, danshi yana ƙara mata sauri, kuma motar da ƙofarta ta daina rufuwa ko fentinta ya yi ƙuraje ba tare da an buge ta ba abar tuhuma ce. A yanayinmu kuwa rana da ƙura ne manyan abokan gaba. Rana tana kashe launi, zafi yana sa tayar roba ta narke ta manne da abin da take kai, ƙurar hunturu kuma tana karce fenti idan aka goge ta da tsumma a bushe. Kabad mai gilashi nesa da taga ya wadatar, da burushi mai laushi, da 'yan ƙullin shan danshi irin na cikin kwalin takalmi idan damina ta shigo. Fetur da kananzir da garin sabulu kada su kusance su. Tsofaffin kuma a nisanta su da bakin ƙananan yara, domin wasu fentin na da suna ɗauke da dalma.

Ta ukun, a ganina, ita ce mafi amfani gare ka, ko da yake ba ta fi sauran kuɗi ba. Majorette kamfanin Faransa ne da Emile Véron ya kafa a 1961 a yankin Lyon, daga baya aikinsa ya koma Tailan, don haka "Made in France" a ƙasa yana nuna ta zamanin farko ce. Amfaninta shi ne ta ba ka alƙibla. Mai sayen duk abin da ya gani yakan ƙare da kwando cike da motocin da ba su da dangi da juna, alhali wanda ya zaɓi fanni ɗaya yana saurin sanin kayansa har ya fi mai sayarwa. Motocin da suka yi zamani a titunanmu fanni ne mai kyau da bai yi tsada ba: 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, da 404 da ta gabace ta, da Volkswagen Beetle, da Land Rover, da manyan motocin Bedford. Kamfanonin motocin wasa na Faransa, Norev da Solido, da reshen Dinky na Faransa duk sun yi 504, galibi a ma'aunin 1:43, wato tsawonta kimanin santimita goma, yayin da irin taka ta Majorette take kusa da girman Matchbox da Hot Wheels, wajen santimita bakwai. Gara ka tsaya a ma'auni ɗaya don jerin ya yi kyan gani. Idan ka kai ga neman Dinky na Faransa, ka sani cewa kamfanin Atlas ya sake fitar da da yawa daga cikinsu a wannan ƙarni, har da na Peugeot, da kwali mai kama da na asali sak. Su ma ƙarƙashinsu za ka juya, inda za ka ga sunan Mattel da "Made in China", sai ka yi tayi a kan kuɗin sabuwa.