Amsa kan kai wa yaran 'yan gudun hijira kayan sallah

'Yar'uwa, tambayarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Kin ce kina so 'ya'yanki su kai kayan sallah ga yaran da suka gudo wa yaƙi daga birnin Wad Madani na Sudan tun Disambar 2023 suna kwana a makarantar unguwarku, amma kina tsoron a muzanta su. Wallahi kina da gaskiya, ni an yi mini.

Ina da shekara 9 mahaifinmu ya rasu a Gadarif, gabashin Sudan, Inna ta koma yankan riɗi a gonakin mutane. Da sallah ta matso, wata maƙwabciyarmu ta aiko mini da rigar 'yarta, shuɗiya mai fulawoyi. Rungume da ita na kwana. Da safe muna yawon karɓar idiyya, wato barka da sallah, gida-gida muka shiga gidanta, tsakar gida cike da mata ana raba ka'ak, biskit ɗin sallah. Ta kama hannuna tana jujjuya ni tana cewa, "Ku duba yadda rigar 'yata ta zauna wa marainiya." Har sau biyu ta faɗa. Yara suka kwashe da dariya, ka'ak ɗin ya murmushe a hannuna ban kai baki ba. A ɗaki na ƙarasa sallar, cikin tsohon kayana. Matar ta rasu, na yafe mata, amma har yau in na ga shuɗi mai fulawa sai gabana ya faɗi.

Kakata kuwa, duk da rashinmu, ana jibi sallah za ta auna zakkar fidda kai, sa'i guda na dawa a kan kowane mutum, ta ɗora mini bayan isha'i. Ta ce in miƙa wa uwar gida in juyo, kar in tsaya jiran godiya. Haka nake dawowa a guje cikin duhu ina jin daɗi.

Don Allah ki damƙa wa iyayen yaran mata kayan da dare, yaro ya ɗauka uwarsa ce ta sayo. Kar ki ba da rigar da unguwa ta sani, gara sabuwa ko mai araha ce. Waya kuma ta zauna a gida, abin nan na ɗaukar hoton mabuƙata a sa a Facebook yana ƙona mini rai. Kar a manta takalma, da samari 'yan shekara 12 ko 13, su ba za su taɓa roƙo ba. Ranar sallah ki bar naki su je su yi wasa tare, kar su riƙe komai a hannu.