Ni na dama wa Inna fura da suga, abin ya hana ni barci

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Innarmu ce ta rasu wata huɗu kenan, shekara 16 tana fama da ciwon suga da hawan jini, daga baya ƙoda ta taɓu har aka fara mata wankin ƙoda. Wallahi Anti matar nan ko ranar da ƙafa ta kumbura sai ta jawo tabarma ta yi wa jikokinta kitso tana tsokanarsu wai kishiyoyinta ne, allurar insulin ɗinta ma a gindin randa take ajiyewa cikin leda saboda rashin wuta, ba ta taɓa cewa wash a gabanmu ba. Ana saura sati ta rasu ta ce fura take marmari, da suga, na ce Inna likita fa ya hana, ta ce ke dai ba ni, na dama na sa mata cokali ɗaya. Yanzu yayana cewa yake ni na ƙarasa ta. Don Allah da gaske ne? Kuma me zan iya yi mata yanzu?

Wata ƙanwarki daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zame mata kaffara, ya ba ku haƙuri.

Ba ke kika ƙarasa ta ba, ki cire wannan a ranki. Suga da hawan jini a hankali suke cin ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙoda, shekara da shekaru, mutum na yawonsa bai san ana yi masa ɓarna ba, kafin a kai ga wankin ƙoda kuwa yawancin aikin ƙodar ya riga ya tafi. Cokali ɗaya zai iya ɗaga sugan jininta na 'yan awoyi, amma ba shi ya yi aikin shekara 16 ba. Yayanki zafin rashi ne ke cinsa ya rasa inda zai sauke sai kanki, ban ce ya kyauta ba, bai kyauta ba ko kaɗan, shi da ba shi ke kwana da ita ba.

Abin da za ki yi mata kuwa yana da yawa. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya ce aikin mutum na yankewa idan ya mutu sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a, kin ga na ukun nan ke ce. Sai ƙawayenta, wanda mutane ke saurin mantawa da su da an share makoki. Annabi (SAW) idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ki leƙa tsofaffin nan da suke zuwa gaishe ta, ko sabulu ne ki riƙe musu, za ki ji labaran Inna da ba ki taɓa ji ba. In da hali ki saya wa wani mai ciwon suga maganin wata ɗaya da niyyar ladan ya kai mata. Kitson jikokin nan ma kar a bari ya mutu.

Sannan ki sani ciwon suga yana bin jini, wanda uwa ko uba ke da shi ya fi kusa da kamuwa. Ki je a auna sugan jininki da safe, in ya kai 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, a gwaji biyu, to suga ne, a duba hawan jini ma a lokaci guda. Ki ja yayan nan naki ku tafi tare tunda shi ma nonon ya sha. Kar ku karya kafin ku fita, awa 8 ake so ba ci sai ruwa.