Bushe, Ƙafe ko Tsane: Ina Ruwan Ya Tafi?

Wata malamar firamare daga Daura ta aiko da tambaya. Tana son nuna wa 'yan aji huɗu yadda ruwan da aka bari a buɗe yake raguwa, to me za ta ce musu, "ya bushe" ko "ya ƙafe"?

Malama, ƙafe ce kalmarki. Bushewa ta abin da ruwa ya jiƙa ce: riga ta bushe, kuɓewa ta bushe. Ƙafewa kuwa ta ruwan ce da mazauninsa, shi ya sa ake cewa tafki ya ƙafe, rijiya ta ƙafe. Tsanewa daban take, ruwan ɗiga yake yi ƙasa kina gani, kamar shinkafar da aka wanke aka zuba a kwando. Idan tukunya ce a kan wuta, mata cewa suke yi ruwa ya ƙone, ko da yake tururi ya zama ya tashi.

A nan yara ke ruɗewa, suna zaton sai an tafasa ruwa yake tashi. Tafasa sai zafi ya kai digiri 100, amma ko a inuwa ruwa yana tashi a hankali, ido ne ba ya gani.

Ki nemi kofuna biyu na roba masu nuna ciki, iri ɗaya, da faranti. Ki raba ledar ruwa mai mililita 500 gida biyu a kofunan, ki zuba rabin wata ledar a farantin. Ki ɗaure bakin kofi ɗaya da leda da kyauro, ki yi alamar matsayin ruwan da maka, a ajiye su a taga guda. Kullum da ƙarfe goma yara su auna da rula su rubuta. Farantin zai riga ƙafewa don faɗin fuskarsa. Rufaffen ba zai ragu sosai ba, sai ɗigo-ɗigo kamar raɓa a cikin ledar, suna komowa ciki. Wannan shi ne rana, gajimare da ruwan sama a cikin kofi.

Abin da ke ɓata gwajin: sauya abu biyu a lokaci guda, misali faranti a rana, kofi a inuwa, ba a san wanda ya yi aikin ba. Sai kaskon ƙasa, wanda ke tsotse ruwan ya yi naso. Sai kuma akuyar makaranta! Da hunturu gwajin ya fi sauri saboda busasshiyar iska, a watan Agusta kuwa iska cike take da danshi, sai an yi haƙuri.

Wani ɗalibi daga Ƙofar Sauri a Katsina kuma ya tambayi ko "ruwa ba ya tsami banza" ya dace da wannan darasi. Ya dace. Ma'anarsa duk canjin da ka gani da dalilinsa, ko da yake an fi faɗinsa idan mutum ya sauya fuska ba a san abin da aka yi masa ba. Ka duba randar gidanku: zufar da take yi a jikinta ita ke ƙafewa ta tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Bokitin roba ba shi da ƙofofin da zai yi zufa, shi ya sa ruwansa ke ɗumi da azahar.