Faɗuwar turjiya a 3.4 K: duba indiyom tukuna

Ƙanena, ka ce abokan aikinku na waje sun turo muku awon CeRhIn5, kristal na seriyom da rodiyom da indiyom, nan Maradi, kun ga turjiyar lantarki ta faɗi tashi ɗaya a 3.4 K (K Kelvin ne, ma'aunin zafi da ke farawa daga iyakar sanyi), kana tambaya ko kristal ɗin ne ya daina turjiya, wato lantarki na ratsa shi ba cikas. Kada ku yi saurin murna. A cikin narkakken indiyom ake tsiro da irin wannan kristal, shi kuwa indiyom a daidai 3.4 K yake sakin turjiyarsa. Ɗan ɗigon da ya maƙale tsakanin wayoyin awo ya isa ya ruɗe ku. Ka ce su jiƙa shi a ruwan asid na HCl mai rauni, su goge fuskarsa, su sake awo. In suna sauri, su sa masa maganaɗisu mai ƙarfin tesla 0.05. Indiyom ba ya jure ko 0.03, faɗuwar za ta ɓace.

Abin da yake na CeRhIn5 da kansa yana 3.8 K, inda ƙananan maganaɗisun seriyom ke jeruwa suna saɓa wa juna. Ba ya sakin turjiya a wajen 2 K sai an matse shi da kimanin GPa 2 (gigapascal, ma'aunin matsi). Ɗan'uwansa CeCoIn5, mai kobalt a maimakon rodiyom, kuwa yana yi a 2.3 K ba matsi.

Dalilin da matsi ke kawo wannan sauyi kamar ja-in-ja ne. Tasirin Kondo yana sa elektaron masu yawo su lulluɓe maganaɗisun elektaron 4f na seriyom (waɗanda ke maƙale a jikin atam ɗin), cuɗanyar RKKY kuma, wato tasirin da maganaɗisun ke yi wa juna ta hanyar elektaron masu yawo, tana so ta jera su. Masanin fiziks Doniach ya zana wannan a 1977. Matsi yana ƙara wa Kondo ƙarfi, jerin ya karye.

Batun nauyin elektaron, nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Ana zana C/T a kan T² (C yawan zafin da kristal ke sha kafin ɗuminsa ya ƙaru da 1 K, T kuma ɗuminsa), a karanta γ, wato darajar C/T inda T² ya zama sifili; girman γ ne ke nuna nauyin elektaron: jan ƙarfe 0.7 mJ/mol·K², CeAl3, haɗin seriyom da aluminiyom, da aka auna a 1975 kusan 1620. Amma kusa da 3.8 K tudun jeruwar maganaɗisu yana kumbura C/T, sai ka ɗauka nauyi ne. Ka fara cire rabon girgizar atam da awon LaRhIn5, mai lantanom a maimakon seriyom, tunda lantanom ba shi da elektaron 4f. Sannan ka tara C/T daga ƙasa zuwa 3.8 K, ka gwada da R ln2, wato 5.76 J/mol·K, cikakken adadin da ake sa ran samu daga maganaɗisun seriyom masu fuska biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku za ka samu, sauran yana sama da 3.8 K. In naka ya zarce haka da nisa, ka sake duba nauyin kristal ɗin da kitsen da aka manna shi da shi, don galibi a nan kuskuren yake.